Shaho da Kujerar Gaban Fitila

A shekarar da kamfanin lemo ya kafa layinsa na biyu ne Tabarau ya fara haɗuwa da mutumin da ake ce wa Shaho. Shekarar ce kuma aka zuba kwalta a titin da ya bi ta gaban kamfanin, ma'aikata suka daina zuwa da takalma a hannu in an yi ruwa. Tabarau yana saurayi a lokacin, bai daɗe da fitowa daga makarantar mishan ba, rubutunsa kamar an buga da inji. Ya zo da niyyar a ba shi tebur a ofis. Aka ce masa tebura sun cika, amma akwai kujera a gaban fitila.

Aikin gaban fitila ba ya neman karatu. Kwalaben da aka sha aka dawo da su, in injin wanki ya gama da su, sai su jero a kan bel su wuce ta gaban wani farin gilashi mai haske a bayansa. Mutum yana zaune, idonsa a kan hasken, hannunsa na dama a shirye. Kwalbar da ta tsage, ko bakinta ya ɓantare, ko wani abu ya maƙale a gindinta, sai ya fizge ta ya jefa a kwando kafin ta isa wurin cikawa. Jama'a kuwa ba abin da ba sa zubawa a kwalba in sun shanye lemon: kananzir, fenti, guntun kyandir, maganin ɓera.

Shugaban layi ya kai sabon yaron wurin Shaho, wani siririn mutum mai manyan idanu, ya nuna masa da hannu cewa ga abokin aikinsa. Ƙarar kwalabe ba ta barin a ji magana, sai da aka tashi cin abinci mutumin ya dube shi sama da ƙasa.

"Da gilashi a fuska za ka duba mana gilashi?"

"Da shi na fi gani, Yaya."

"To madalla. Amma in ka hango ƙadangare a kwalba, ka fara goge tabarau ɗin kafin ka tsayar mana da layi."

Aka yi dariya, sunan ya bi shi har tsufa.

Shaho ne ya koya masa dokar wurin. Idon ɗan Adam ba ya jure hasken nan da daɗewa. In an jima, kwalaben sai su narke su zama kamar ruwa mai gudu, mai datti ta wuce ta gaban mutum yana kallonta bai gan ta ba. Saboda haka kowace kujera ta mutum biyu ce. Ɗaya yana dubawa, ɗaya yana kan benci yana kallon bangon da aka shafa wa koren fenti don ido ya huta. In lokaci ya yi, mai hutawa ya taso ya taɓa kafaɗar na zaune, wannan ya zame ta hagu, wancan ya shiga ta dama, ba kwalbar da za ta wuce ba ido a kanta. Ba a taɓa tambayar wane ne a kujera ba. Shugaban layi abu ɗaya yake dubawa in ya leƙo: kada ya tarar da ita ba kowa.

Haka suka yi ta yi har furfura ta fito musu. Uban Shaho ɗan dako ne a tashar kaya, ya rasu bayansa a lanƙwashe, shi ya sa Shaho yake alfahari da cewa shi a zaune yake cin abincinsa. Ya yi aure, ya kama ɗaki biyu a wani gidan haya, daga baya ya samar wa Tabarau ɗaki a gidan. Matarsa tela ce, kekenta a bakin ƙofa, kuma ba ta da ƙorafi a kansa sai guda: duk inda aka miƙa masa lemo, ko a gidan surukai ne, sai ya ɗaga kwalbar ya duba ta a haske kafin ya kai baki. Ta ce ya sa ta jin kunya a gari. Ya ce ita ma ai ba ta iya ganin rigar mutum ba ta juya ta duba ɗinkin ba.

Abin da ya raba su da kujerar ya zo ne a bayan babbar mota, a naɗe da leda. Akwati ne na ƙarfe, bai kai firji girma ba, da ido a cikinsa. Aka ɗaura shi a kan bel. Duk kwalbar da bai yarda da ita ba, sai a ji fis, iska ta ture ta gefe. Injiniyan da ya kafa shi saurayi ne mai ladabi, yana ce wa kowa Baba. Ranar gwaji Shaho ya zaɓo wata kwalba mai tsaga siririya kamar gashi, wadda shi kansa sai da ya juya ta a rana ya gani, ya saka ta cikin layi ba wanda ya lura. Akwatin ya ture ta. Ya sake saka ta, ya sake ture ta.

Da suka fito, Tabarau yana jiran ya ji an kushe na'urar. Shaho ya ce, "Ya fi ni gani. Kuma ba ya buƙatar kallon bango."

Kafin wata ya ƙare aka sallami masu duban kwalba duka, aka haɗa da yawancin masu lodi, don su ma an kawo musu hannun ƙarfe. Mutane kaɗan aka bari. Shaho yana cikinsu, aka ba shi tsintsiya da shebur: ya share fasassun kwalabe, ya warware layi in ya cushe. Tabarau yana cikin waɗanda aka sallama. Haka ma Kurma, wani ƙaƙƙarfan mai lodi da ƙarar layi ta cinye wa kunne, wanda in yana maka sirri sai unguwa ta ji.

Wani abin tausayi shi ne waɗanda aka sallama ba su daina zuwa ba. Jiki ya saba. Da safe sai su yi wanka, su sa rigar aiki a goge, su zo su zauna a bencin mai shayi da ke kallon ƙofar kamfanin, su ga shigar waɗanda suka rage. Ta gabansu Shaho yake bi kowace safiya da katinsa a wuya. Ya fara ramewa. Tabarau yana jin motsinsa ta bango, ya san mutumin yana saƙa wani abu a ransa.

Wata ranar hutu Shaho ya zo ya tsuguna a gaban bencin, ya tsinci murfin kwalba, ya zana kujera a ƙasa.

"Me ya sa aka sa mu biyu a kujera ɗaya?"

Wani ya ce, "Don kada jama'a su sha kyankyaso."

"Don ido yana gajiya. To yanzu an sami idon da ba ya gajiya, ya kawo hutu mai yawa. Da a ce da hankali aka yi, hutun nan raba shi za a yi, aikin da ya rage shi ma a raba. Sai aka ba ni aikin duka, aka ba ku hutun duka. Ni aiki zai kashe ni, ku zama zai kashe ku."

Daga nan ya shiga zana garin da yake gani a kansa. A garin, duk aikin da inji ya bar wa mutane, na direba ne ko na malamin makaranta ko na mai shara, na mutum biyu ne ko uku. Wanda yake kan benci ba zaman banza zai yi ba: zai yi jinyar marar lafiya, ya zauna da tsohon da 'ya'yansa suka yi nisa, ya yashe kwata, ya koya wa yara abin da ya iya. Injin da ya zauna a kujerar mutum kuwa, tunda ya gaji kujerar, sai ya gaji nauyin gidan mutumin, a cire daga abin da yake samarwa a ciyar da su. Ya zana makaranta, ya zana asibiti, kowanne da ɗan benci a gefensa. Zanen ya kai har ƙarƙashin teburin mai shayi.

Mai shayi ya leƙo ya ce, "Ranka ya daɗe Gwamna, in za a fara rabon aikin, a fara da wankin kofuna. Tun safe mutanenka suke zaune a kan shayi ɗaya."

Aka yi ta kiransa Gwamna. Bai damu ba. Ya ce tunda ba shi da gari, zai fara da abin da yake da shi, wato katinsa. Masu shara suna aiki ne da hular kwano da takunkumi a fuska, maigadi kuwa kati kawai yake dubawa. Kati ɗaya zai isa mutum uku: shi, da Tabarau, da Kurma. Kowa ya yi yininsa, albashi a raba daidai.

Tabarau yana tsakar gida ranar da Shaho ya gaya wa matarsa. Ba ta ɗaga ƙafa daga keken ba.

"Baban yara, ka duba bakunan da ke gidan nan kuwa? Babban bai gama makaranta ba. Ɗinkin ma ka ga yadda ya koma, kowa ya tafi sayen na kanti."

"Ba zan iya ci gaba da bi ta gabansu da kati a wuya ba."

"To ka riƙa bi ta baya."

"Uwar yara."

"Tukunyata ba ta san tsari ba. Abin da aka zuba mata shi take dafawa." Ta gutsure zare da haƙori, ta hango Tabarau yana neman komawa ɗaki. "Kai kuma ƙanin miji, kada ka yi kamar ba ka ji ba. In aikin nan ya suɓuce masa, ɗakinka zan kawo yaran."

Tabarau ya so ya ce ya yafe rabonsa. Amma shi ma yana da iyali, kuma abin da aka sallame shi da shi ya riga ya ƙare. Ya karɓi katin ranar da ta zama tasa.

Abin ya yi aiki, kuma wannan ne ya fi ba Tabarau ciwo in ya tuna. Wasu daga cikin waɗanda aka bari suka ga kunyar abin, su ma suka raba katunansu. Damina guda aka yi a haka. Ba gidan da ya ƙoshi, amma ba gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Masu hutu suka yashe babbar kwatar unguwa wadda ta shekara tana ambaliya, suka riƙa zama da wani tsohon direba da ɓarin jikinsa ya shanye, matarsa ta sami damar zuwa kasuwa. Shaho ya mayar da jikinsa. Yana tafiya yana magana shi kaɗai, yana ƙara gyara garinsa.

Ana cikin haka aka sanar a rediyo cewa wani kwamiti zai zauna a babban otal don jin ra'ayin jama'a a kan makomar aiki a zamanin na'urori. Shaho ya ce dama ta zo. Sai dai ranar taron ta faɗo a kan yininsa. Ya sami Kurma, ya yi masa bayani a kunne. Kurma ya karɓi katin, ya faɗa da muryar da ta sa kaji watsewa: "Je ka gaya musu. Zan yi maka yau, ka biya ni da yini."

Tabarau ya raka shi, don shi ne mai Turanci. Ɗakin taron yana da sanyi kamar cikin randa, kowace kujera da robar ruwa a gabanta. Masana suka yi ta hawa suna sauka, ana haska zane-zane a bango. Wani ya ce a koya wa waɗanda suka rasa aiki sarrafa kwamfuta. Wata ta ce sababbin ayyuka suna tafe waɗanda ba a ma san sunansu ba tukuna. Shaho yana saurare da gaske, hularsa a gwiwa, yana gyaɗa kai in an faɗi abin da ya yi kusa da nasa. Lokacin da aka ware wa jama'a ya zo a ƙarshe, an riga an fara jera faranti a waje. Aka miƙa masa makirufo. Ya fara daga farko, daga fitila da koren bango, don shi bai iya bayani daga tsakiya ba. Bai kai ga benci ba shugaban taron ya yi murmushi ya ce, "Mun gode, Baba, mun fahimta, za mu duba." Aka ba kowa jaka mai tambarin taron.

A hanyar komawa ya ce wa Tabarau, "Da sun bar ni na kai wurin asibitin nan, da sun gane."

Abin da ba su sani ba, a yinin nan ne ma'aikatan Injiniya suka zaga cikin kamfanin da kyamara, suna ɗaukar fuskar kowa saboda sabuwar ƙofar da za a kafa. Suka iso kan Kurma yana shara. Suka yi masa bayani, bai ji ko kalma ba. Ya ga dai ana so a ɗauke shi hoto, sai ya cire takunkumi, ya gyara wuyan riga, ya ɗaga katin Shaho kusa da kuncinsa kamar yadda aka nuna masa, ya washe baki. Da ya dawo ma bai ga abin ba da labari a ciki ba.

Ranar da aka buɗe sabuwar ƙofar, Shaho ne ya je, da niyyar biyan Kurma yininsa. Babu maigadi. Ƙarfe ne a gicciye da ɗan gilashi a samansa. Ya nuna kati, ya kalli gilashin, jar wuta ta kama. Ya goge fuska ya sake, ta sake kamawa. Allon ya nuna masa sunansa, da fuskar Kurma a ƙasa tana dariya. Ya ja baya ya ba na bayansa hanya, ya tsallaka titi ya zauna a bencin mai shayi.

Da mutanen suka gane abin da ya faru, sai aka shiga shawara. Sauran masu rabon kati sun tsira, don ranar hoton masu katin ne da kansu suke ciki. Rabon yini dai ya mutu, tunda ƙofa fuska ɗaya ta sani, amma ana iya ci gaba da raba albashi a ɓoye. Game da katin Shaho kuwa, mafita a fili take: tunda na'ura ta ce Kurma ne Shaho, to ya zama Shaho. Ya riƙa zuwa kullum, ba wanda zai sani.

Shaho ya ce, "Mutum ɗaya a kujera kullum, biyu suna ci daga guminsa? Ai abin da muke gudu ke nan. Gwiwar Kurma ma ta fara ciwo."

Tabarau ya ce, "Yaya, a bar shi haka, ko na ɗan lokaci."

"Zan je in yi wa Manaja bayani. Me muka ɓata? An taɓa samun gilashi a ƙasa? Layi ya taɓa tsayawa? Kujera ba ta taɓa zama ba kowa ba. Abin da suke dubawa ke nan tun muna samari."

Ya yi imani da wannan har zuciyarsa, kuma in aka yi adalci, yawancin na kan bencin sun yi imani da shi. Rayuwarsu duka a haka suka san aiki. Matarsa ce kaɗai ta tare shi a ƙofar ɗaki da safe, ta ce, "Don girman Allah kada ka je. Ka bar garin nan naka a ƙasa inda ka zana shi." Ya ce mata in Manaja ya gane, ƙofar ma za a iya koya mata fuska uku. Ya sa rigarsa mafi kyau, Tabarau ya bi shi.

Manaja bai yi musu wulaƙanci ba. Ya ba su kujera, ya bar Shaho ya yi bayaninsa tun daga fitila har asibiti, abin da ba wanda ya taɓa bari ya kai ƙarshensa. Shaho ya ɗauka shirun nan yarda ce, sai ya ƙara da cewa ba su kaɗai ba ne, abin ya karɓu, akwai wasu katunan ma. Tabarau ya taka masa ƙafa, amma magana ta riga ta fita.

Manaja ya cire tabaransa ya murza ido. "Baba, ka san me ka gaya mini yanzu? Watanni ke nan mutanen da ba ma'aikatanmu ba suna yawo a cikin fasassun kwalabe. Da gilashi ya yanke wa ɗayansu jijiya, sunan wa zan ba masu inshora? Ni ma akwai waɗanda nake amsa wa."

"Amma aikin bai tsaya ba, ranka ya daɗe."

"Na sani. Tunaninka ma ba shi da laifi, da duniya haka take. Ba ni da ikon yin shiru a kan wannan." Sannan ya ce, kamar mai son rage masa zafi, "Ko ba wannan ba, sharar nan ba za ta kai baɗi ba. An riga an yi odar abin da zai yi ta."

Aka duba hotunan kyamarorin cikin kamfani, aka gano duk katin da ya taɓa shiga a wuyan wani. A mako guda aka sallame su gaba ɗaya, kuma da yake laifi aka rubuta musu, ba su fita da komai ba.

Bayan wannan, bencin mai shayi ya watse. Mutanen da suka raba katunansu saboda maganar Shaho suka daina amsa gaisuwarsa. Matar ɗayansu ta zo har tsakar gida ta tsaya a gaban keken ɗinki ta faɗi abin da ke bakinta, matar Shaho tana jinta ta ci gaba da ɗinkinta, don ba ta ga inda matar ta yi ƙarya ba. Babban ɗansa ya bar makaranta ya bi wata motar kaya, yana aiko da saƙo jefi-jefi. Suka saki ɗaki ɗaya, suka haɗa kayansu a ɗayan. Ba ta kai yaran ɗakin Tabarau ba kamar yadda ta ce. Abin da ta yi ya fi haka nauyi: ta ci gaba da gaishe shi da ladabi, ta daina ce masa ƙanin miji.

Shaho ya nemi aiki inda duk aka ce ana ɗauka. Shekarun fitila sun fara karɓar hakkinsu, idanun da aka yi masa suna da su suka soma yin hazo, har yakan wuce mutum bai gane shi ba. Ya koma taya matarsa warware ɗinki da laluben yatsa. Kwata ta sake cikewa. Tsohon direban ya rasu. Tabarau ya sami 'yan yara yana koya musu karatu da yamma a bakin ƙofa, wani lokaci yakan tsokano maganar garin don ya ga ko mutumin zai farfaɗo. Shaho sai ya ce, "Bar shi. Ko an gina shi, wani zai sa masa ƙofa."

Kurma kuwa ya sami aiki a wani gidan bulo a bakin gari, inda har yanzu da hannu ake ɗaukar bulo daga inji zuwa fili a shanya. Aiki ne na ƙarfi, gwiwarsa kuma ta ƙi sauƙi, amma ya riƙe shi don ba wani.

Wata rana da azahar Tabarau ya bi ta wajen zai je duba wata 'yar'uwarsa. Daga tsallaken titi ya hango Kurma zaune a inuwar tarin yashi, ya miƙe ƙafa, yana gyangyaɗi. A cikin filin kuma wani siririn tsoho ne yake ɗauko bulo a ƙirji, siminti ya mai da shi fari, yana tafiya a hankali yana taɓa ƙasa da ƙafa kafin ya taka. In ya isa layi sai ya durƙusa ya ajiye, ya shafa gefen bulon da hannu ya ji ko ya daidaita da na kusa, ya miƙe da ƙyar ya koma. Tabarau ya tsaya ya goge gilashinsa ya sake dubawa.

Ya tsallaka ya zauna kusa da Kurma, ya nuna masa filin da haɓa. Kurma ya farka, ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya rage murya.

"Tun da safe ya zo. Ya ce in zauna, yau nasa ne, wai ina binsa yini tun ranar taron otal. Wallahi ni na ma manta. Na ce masa ya bari, ya ƙi. Mai wurin ya ce shi ba ruwansa, bulo dai ya fita." Ya sosa gwiwa. "Ya ce kada in gaya wa kowa."

Shaho ya zo wucewa da wani bulon, kusa da su ƙwarai, numfashinsa yana fita da ƙara. Bai gane wanda ke zaune ba. Tabarau bai kira shi ba. Ya tashi ya kama hanyarsa.

Da yamma Shaho ya dawo gida, ya riga ya wanke jikinsa a wani famfo, sai fatar hannuwansa da ta saɓule. Matarsa ta tambaye shi ina ya yini. Ya ce ya je ganin wani mutum ne. Ta dubi hannuwan, ta shiga ɗaki ta ɗauko man shafawa ta ajiye a gabansa, ta koma kan kekenta.